Garin bagaruwa da takardar ƙirƙira: me alƙaluma ke iya faɗa wa lauya, me ba sa iya faɗa?

Lauya Mutari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu ɗauki misali da abin da ke gabanmu a nan Damagaram. A ce wani majemi ya fito da hanyar jiƙa kwasfar bagaruwa, a tace ruwan, a busar da shi ya koma gari mai ƙarfi iri ɗaya kullum, maimakon dakakkiyar kwasfa da ake zubawa a rami ana aunawa da ido. Ya zo wurin lauya da tambaya biyu: zai samu takardar ƙirƙira, wato brevet, a OAPI, ofishin kare ƙirƙira na haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki? In kuma ya fara sayarwa, har ya kai kasuwar Kano, zai taka haƙƙin wani? Yanzu ana ta maganar a sauko da takardu ɗaruruwa daga rumbunan intanet, a yi lissafi, a yi zane, a ba da amsa. Ina son masu wannan aiki su faɗa mana yadda ake yi daki-daki, da inda lissafin ke yaudarar mutum.

Malam Lawali mai bincike:
Wa alaikumus salam, Lauya. Kafin a taɓa kwamfuta a raba tambayoyin nan biyu, don ba tulin takardu ɗaya ke amsa su ba. Ta farko tana neman duk abin da aka taɓa bayyanawa a duniya, ko a Indiya ne, ko takardar ta mutu tun shekara 50. Ta biyu ba ruwanta da matattun takardu, tana neman masu rai a ƙasar da za a yi kayan ko a sayar. Wanda ya haɗa su a jadawali ɗaya zai ba da amsar da ba ta kowa ba ce.

Sai kalmomin nema. Ba wanda ya rubuta "bagaruwa" a cikin takardar ƙirƙira. Za ka nema da Acacia nilotica, da sabon sunanta Vachellia nilotica, da tsohon suna Acacia arabica, sannan babul ko babool na Indiya, garad na Sudan, gonakié na Faransancin Senegal. Ka bar ɗaya, ka bar ƙasa guda a waje. Bayan haka lambobin rabe-rabe na IPC, tsarin duniya na kasa ƙirƙira fanni-fanni, waɗanda suka kasu kashi 8 daga A zuwa H. Jima tana C14C, jima da tsirrai C14C 3/10, in an tace sinadarin ko an gyara shi C14C 3/12. Fitar da sinadari daga busasshen abu da ruwa ko wani mai narkarwa yana B01D 11/02. Ka yi nema uku: kalmomi kaɗai, lambobi kaɗai, sannan ka gama su. Rumbunan Espacenet da PATENTSCOPE kyauta ne, sun isa a fara.

Hajiya Rabi:
Malam Lawali, ka manta da tarkon kalmar nan. Mutum ya rubuta tann da tauraro a ƙarshe don ya kamo tannin da tannage da tanning a lokaci ɗaya, sai ya tarar rabin abin da ya fito man shafawa ne na Turawa masu son jikinsu ya yi duhu, don a Ingilishi kalma ɗaya ce. Waɗannan suna A61Q 19/04, a cire su. Sunan itacen kuma zai jawo magungunan gargajiya rututu daga A61K 36/48. Su kam kada a yi saurin zubar da su, don hanyar jiƙawa da tacewa da ke cikin takardar magani tana iya kashe da'awar majeminka, wato abin da yake neman a kare masa a takardarsa, ko da ba a ambaci fata a cikinta ba.

Habu ɗan koyo:
Ranku ya daɗe, to ta yaya mutum zai san nemansa ya kamo abin da ya kamata? In takardu 700 suka fito, wa ya ce ba 1,000 ba ne?

Malam Lawali mai bincike:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Gwaji biyu ake yi. Na farko, tun kafin ka gina babban neman, ka ware takardu 10 da ka karanta ka tabbatar sun shafi batun. Ka samo su ta wata hanya dabam, misali daga jerin takardun da aka ambata a jikin wata takarda mai kyau. In ka gama neman, ka duba nawa daga cikin goman suka shigo. In 6 ne kawai, komarka tana da ɓula. Ka buɗe huɗun da suka tsere ka ga da wace kalma ko lamba aka rubuta su, ka ƙara. Na biyu, ka tsinci 50 daga tulin ba tare da zaɓe ba, ka karanta taƙaitawarsu. In 15 ne kawai suka shafi batun, kashi 70 cikin ɗari shara ce, kuma duk zanen da ka yi a kan wannan tuli zanen shara ne.

Ka rubuta kowane nema yadda ka buga shi, da ranar, da rumbun, da adadin da ya fito. Bayan wata 6 in aka tambaye ka, wannan ne shaidarka.

Injiniya Sanusi:
Ni a wurin saukowa da wankewa zan sa baki, don nan ne aikin ke cin rana. Espacenet yana ba ka sakamako 500 a sauke ɗaya, PATENTSCOPE kuma har 10,000 in ka buɗe asusu ka shiga. In nemanka ya fi 500 a Espacenet, ka yanka shi shekara-shekara, ka haɗa daga baya.

Matsalar farko, Excel ɗinmu na Faransanci ne, yana jiran waƙafi mai ɗigo tsakanin bayanai, fayil ɗin CSV kuma sau da yawa da waƙafi zalla yake zuwa. Ka danna shi sau biyu, komai ya cushe a layin tsaye ɗaya. Kada ka buɗe shi haka, ka shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, ka zaɓi waƙafi, ka zaɓi UTF-8. In ba haka ba duk inda é take sai ta koma Ã©, kuma Société ɗaya ta zama kamfani biyu a ƙidaya. Ta biyu kwanan wata: 03/04 a wurin Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ka mayar da su duka shekara, wata, rana tun farko. Masu amfani da rumbun alƙaluma na PATSTAT kuma su sani inda babu kwanan wata ana cike gurbin da 9999-12-31. Ka yi matsakaici da shi a ciki, lissafi ya tafi daji.

Ta uku sunaye. Kamfani ɗaya zai fito da AG, da Ltd, da babu komai, da tsohon sunansa kafin a saye shi. Jami'o'in China kuma fassarar sunansu kala-kala ce. OpenRefine kyauta ne, yana tara sunaye masu kama da juna ya nuna maka, kai ne za ka ce a haɗa ko a bari. Kada ka danna "haɗa duka", zai haɗa maka mutane biyu da ba su san juna ba don sunansu ya yi kama.

Hajiya Rabi:
Kuma duk wannan wankin bai kai batun dangi ba. Ƙirƙira ɗaya ce, mai ita ya shigar a ƙasarsa, cikin wata 12 ya shigar ta PCT, hanyar neman kariya a ƙasashe da yawa da buƙata ɗaya, daga nan ta shiga Turai, Amurka, China, OAPI. A ƙasashe da yawa kuma a buga ta sau biyu, lokacin nema da lokacin bayarwa, A1 da B1 ko B2. Abu ɗaya ya zama layi 10 a jadawali. Wanda ya ƙirga layi zai ce wa majemi "akwai takardu 300 a wannan fanni, ka haƙura", alhali wataƙila ƙirƙira 60 ce. A ƙirga dangi, ba layi ba. Espacenet da kansa yana nuna wakili ɗaya daga kowane dangi, PATENTSCOPE kuma sai ka kunna zaɓin.

Dangin ma iri biyu ne. Ƙaramin dangi na DOCDB ya haɗa takardun da ranakun fifikonsu, wato ranakun shigarwar farko, ɗaya ne sak. Babban dangi na INPADOC ya haɗa duk wadda ke da alaƙa ko da ta hanyar ɗan'uwan ɗan'uwa ce. Don ƙidayar ƙirƙira, ƙarami ya fi. Don neman inda haɗari ya ɓuya, babba, tunda shi zai nuna maka ƙanen takardar da aka tsaga aka shigar daga baya da wata da'awa dabam.

Lauya Mutari:
To an wanke, an ƙirga dangi. Na ga irin zanen da ake kawowa, shekaru a ƙasa, adadi a tsaye, kullum layin yana hawa sai ya faɗi ƙasa warwas a shekaru biyun ƙarshe. Har na ga an rubuta a ƙarƙashinsa wai masana'antu sun daina sha'awar fannin.

Malam Lawali mai bincike:
Wanda ya rubuta haka bai san aikin ba. Ba a buga buƙata sai bayan wata 18 daga ranar fifiko, don haka shekara ɗaya da rabi na ƙarshe duhu ne a kowane fanni, ba fannin jima kaɗai ba. A yanke zanen a nan, ko a shafa wa wurin toka a rubuta cewa bai cika ba. Kuma a zana da ranar fifiko, lamba 30 a shafin farko, ba ranar bugawa ba, don ita ce ta fi kusa da lokacin da aka yi aikin.

Abu na biyu, in ka ga tsauni ya taso a zanen, ka raba shi ƙasa-ƙasa kafin ka yi murna ko ka tsorata. Sau da yawa China ce, kuma da yawa a ciki ƙananan takardu ne masu harafin U, na shekara 10, da ba a binciki sabuntarsu kafin a bayar ba, ba su kuma fita wajen China ba. A tambaya ta farko suna da amfani, don sun zama abin da aka riga aka sani. A tambaya ta biyu ba su da haƙori a Nijar ko kaɗan.

Lauya Zainabu:
Ni fa ina da ja a kan wannan harka gaba ɗaya, ku yi mini haƙuri. Wannan lissafi a Amurka aka raine shi, inda ofishinsu ke buɗe dosiyen kowace buƙata, har ana ƙirga wane jami'in bincike ne ke yawan amincewa, wane ne ke yawan ƙi, sau nawa ake kai-komo kafin a bayar. Can akwai dubban ɗaruruwan buƙatu a shekara, lissafi yana da abin ci. Mu kuma ofis ɗaya ne, OAPI, a Yawunde na ƙasashe 17, kuma shekara da shekaru yana bayar da takarda bayan duba tsari kawai, alhakin inganci a wuyan mai nema. Me za ka ƙirga? Kashi nawa aka amince? Kusan duk wanda ya cika takardu ya biya. Ina tsoron a riƙa sayar wa mutane zane mai launi a madadin shawarar lauya.

Hajiya Rabi:
Yaya Zainabu, rabin maganarki na yarda da ita, rabin kuma ita ce hujjata. Lissafin halin jami'an bincike ba shi da amfani a nan, gaskiya ne. Amma tunda an bayar da tsoffin takardun OA, wato na OAPI, ba tare da an tankaɗe su ba, a ina za ki san mai ƙarfi da marar ƙarfi? A wurin danginsu na waje. Mafi yawan takardun baƙi ta PCT suke shigowa, kuma kowace buƙatar PCT tana da rahoton bincike a PATENTSCOPE. A rahoton, harafin X na nufin takarda ɗaya tak ta isa ta rushe da'awar, Y sai an haɗa ta da wata, A kuwa shimfiɗa ce kawai. Ki buɗe layukan tsaye huɗu a jadawali: X nawa ne a kan da'awa ta 1, me ya faru da 'yar'uwarta a Turai, me ya faru a Amurka, sannan kalmomi nawa ne a da'awa ta 1 a OA, nawa ne a takardar Turai da aka bayar.

Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake zato amfani. A ce da'awar OA kalma 40 ce, "hanyar fitar da sinadarin jima daga kwasfar itace da ruwan zafi", ta Turai kuma ta koma kalma 150, an ƙara ma'aunin zafi, da tsawon lokaci, da irin matacin. Wannan na gaya miki jami'in Turai ya samu abin da ya tilasta a matse ta. Faɗin da ke jikin ta OA kitse ne na rogo. Ki shiga rajistar ofishin Turai, ki sauko da takardun da aka kafa hujja da su, kin samu makamin neman soke ta a kotu ba tare da kin fara daga tushe ba.

Lauya Zainabu:
Wannan kam na karɓa. Amma ki lura, abin da kika bayyana karatu ne, jadawalin nuna miki kawai ya yi wace za ki fara karantawa. Kuma har ranar da kotu ta soke ta, takardar nan mai faɗi tana nan da ranta, mai ita na iya sa a zo a yi wa majemi ƙwace kaya. Kada a ce masa "ba komai, ba ta da ƙarfi" a tsaya nan. A gaya masa kuɗin shari'a da tsawonta.

Hajiya Rabi:
Ba musu.

Malam Lawali mai bincike:
A ƙara da cewa zamanin ya juya. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 da ta kafa OAPI an sake ta a 1999, aka kuma sake ta a Bamako a 2015, kuma ɓangaren takardun ƙirƙira na sabon rubutun ya fara aiki 1 ga Janairu 2025: ana binciken sabunta, ana buga buƙata kafin a bayar, mai ja yana da wata 3 ya shigar da adawa. Don haka a jadawali a raba takardun OA gida biyu, na tsohon tsari da na sabo, kada a auna su da mudu ɗaya. Wata 3 kuma ba yawa. Wanda ba ya duba BOPI, mujallar OAPI, duk fitowa da lambobin IPC na abokin hulɗarsa, ihu bayan hari zai yi.

Habu ɗan koyo:
To in na tace jadawalin na ga babu ko ɗaya mai lambar OA, shi ke nan a ce masa ya fara?

Lauya Mutari:
A'a Habu, nan ne mutane ke faɗawa rami. Bari in ba da wannan da kaina. Buƙatar PCT tana da wata 30 daga ranar fifiko kafin ta shiga OAPI. Takardar WO, wato buƙatar PCT, da aka buga jiya tana da kusan shekara guda a hannu. Yau ba ta cikin jerin OA, baɗi tana iya shigowa, bayan majemi ya sayi tukwane da injin busarwa. Don haka duk WO da ta shafi batun a ba ta layin tsaye na ranar cikar wa'adi. A Excel na Faransanci MOIS.DECALER ne, ka ba shi ranar fifiko da 30. Wadda ranarta ba ta wuce ba, a shafa mata ja, a sa mata ranar dubawa. Wadda ta wuce ma a ƙara jira 'yan watanni, don labarin shigarta ba ya isa rumbunan waje nan take.

Sannan kada ka nemi NE, lambar Nijar, ka ce ba komai. Nijar ba ta bayar da takardar ƙirƙira ta kanta, ta OAPI ce ke aiki a nan, lambarta OA. Kuma kada a rikita NE da NG.

Injiniya Sanusi:
Wani abu game da takardun OA a rumbunan waje: da yawa take da taƙaitawa da sunaye kawai za ka iya nema a cikinsu, ba cikakken rubutu ba. In sunan bagaruwa yana shafi na 7 ne kawai, neman kalma ba zai gan shi ba. Shi ya sa a ɓangaren OA gara ka jawo duk abin da ke C14C baki ɗaya, ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ba su da yawan da za su gagari karatu. A kuma tuna OAPI na karɓar Faransanci da Ingilishi, a nema da duka biyun.

Lauya Zainabu:
Sai batun rai da mutuwa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro a jadawalin da ake kawowa. Na'ura ta ɗauki ranar shigarwa ta ƙara shekara 20 ta rubuta "tana aiki". Alhali kuɗin shekara ake biya, in ba a biya ba ta faɗi, kuma masu takardu da yawa suna sakin su tun kafin su tsufa. A ɗaya gefen, ka ga ba a biya ba ka ce ta mutu, alhali akwai wata 6 na sassauci da tara, bayan su ma akwai ƙofar neman a maido da ita in mai ita ya nuna ba da gangan ba ne. Bayanin halin takardun OA a rumbunan waje ba abin jingina ba ne. Takardu 3 ko 4 da suka rage bayan tankaɗe, a nemi OAPI ta ba da bayanin abin da ke rajistarta a rubuce, ta hannun wakili mai lasisi ko ofishin haɗin gwiwa da ke Yamai. A nan ne kuma za ka ga ko an sayar da takardar ko an ba wani lasisi, don sunan da ke shafin farko na ranar bugawa ne.

Habu ɗan koyo:
Kano fa? Na ji ana cewa tunda a da Nijar da Najeriya duk suna CEDEAO, takarda ɗaya ta isa.

Lauya Mutari:
Ba alaƙa ko kaɗan. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta cikin ARIPO, ɗayan ofishin haɗin gwiwa na Afirka. Tana da dokarta ta 1970 da rajistarta a Abuja, tana kuma cikin PCT. Buhun gari da ya halatta a Kasuwar Dole, da ya tsallaka ta Magarya ko ta Matamaye ya shiga wata doka. Haka nan takardar da majemi zai samu a Yawunde ta kare shi daga Dakar zuwa Injamena, amma ba ta hana ɗan Kano kwaikwayonsa ba, sai in ya shigar can cikin wata 12 na fifiko. Bayanan Najeriya kuma ba su cika shiga rumbunan duniya ba, babu a kwamfuta ba ya nufin babu a Abuja. Sai an sa wakili a can ya bincika. A rahoto a rubuta wannan ƙarara, kada sifilin da ke jadawali ya yi magana da bakinka.

Hajiya Rabi:
Mu koma tambaya ta farko, don akwai abin da babu rumbun da zai nuna. Jima da bagaruwa ta girmi kakanninmu. A dokar OAPI duk abin da jama'a suka samu sani, ta kowace hanya, a ko'ina, ya fita daga sabo. Don haka "amfani da bagaruwa wajen jima" ba da'awa ba ce, ko jadawali ya fito fari fat. Abin da zai iya tsayawa shi ne takamaiman hanya: kwasfa kilo nawa a ruwa lita nawa, zafi nawa, awa nawa, a cire ƙwallon ko a bari, da me ake tacewa, yaya ake busarwa ba tare da garin ya yi baƙi ba. Kuma tukunyar ƙarfe tana baƙanta ruwan bagaruwa, kowane majemi da mai yin tawada ya san haka, don haka "a yi a tukunyar da ba ta ƙarfe ba" shi ma ba sabo ba ne.

Amfanin lissafin a nan shi ne ka ɗauki dangi 20 ko 30 mafi kusa, ka ciro waɗannan ma'aunai ka jera. Sai ka ga inda aka cika da inda ba a taɓa ba. Amma gurbin da babu kowa ma'ana biyu gare shi: ko ba wanda ya gano, ko an gwada ba ya aiki. Jadawali ba ya bambance su, sai gwajin majemi a kan fata.

Ilimin gargajiya kuma yana yanka ta gefe biyu. Takardar Amurka kan kurkum don warkar da rauni an soke ta a 1997, ta Turai kan maganin ƙwari irin na fumfuna daga dogon yaro an soke ta a 2000, aka tabbatar a 2005. A duka biyun sai da aka kawo shaidar cewa an daɗe ana yi a Indiya. Namu ilimin yawancinsa a baka yake, ba ya cikin abin da jami'in bincike ke gani. A haɗa neman da littattafai, da mujallun kimiyya, da kundin ɗalibai na jami'o'in Yamai da Damagaram da Zariya.

Injiniya Sanusi:
Game da manhajojin basirar na'ura da ake liƙa musu bayani su kawo takardu masu kama: suna taimakawa wajen tsinto abin da kalmomi suka rasa, ana iya cike goman gwajin Malam Lawali da su. Amma abu biyu. Kada a liƙa sirrin hanyar majemi a shafin da ba a san inda yake ajiye rubutu ba, alhali ba a shigar da buƙata ba. A bayyana fannin a dunƙule, a bar ma'aunan. Sannan masu hira irin ChatGPT suna iya ƙago lambar takarda da take mai kyau da babu su a duniya. Duk lambar da suka bayar a buga ta a Espacenet a gani da ido.

Ƙidayar ambato ma a yi hattara da ita. Takardar da aka ambata sau 80 ba lallai ta fi wadda aka ambata sau 3 ba. Tsohuwa ta fi samun lokaci, kuma a Amurka doka ta wajabta wa mai nema ya bayyana duk abin da ya sani, shi ya sa jerinsu ke da tsawo. Takardun OA kuwa da wuya a ambace su, in ka jera da wannan ma'auni waɗanda suka fi shafarka su ne za su koma ƙasan jadawali.

Lauya Zainabu:
Sirrin ma majemin da kansa ya fi na'ura haɗari. Zai ɗauki bidiyo ya sa a WhatsApp da Facebook, ko ya kai baje koli ya yi bayani tiryan-tiryan. Sassaucin wata 12 da ke dokar OAPI na wanda aka ci amanarsa ne, ko wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Ba kowane baje koli ba ne. Tambayar farko a ofis kafin a kunna kwamfuta ita ce: wa ka nuna wa, yaushe, ka sayar ko ba ka sayar ba?

Habu ɗan koyo:
To ranar miƙa rahoto, me ake ba shi a hannu? Jadawalin layi 700?

Lauya Mutari:
Jadawalin ya zauna a dosiye. Shi shafi biyu ko uku za a ba shi. Takardun nan 3 ko 4 masu rai, a ɗauki da'awa ta 1 ta kowace a yayyanka ta gaɓa-gaɓa a hagu, hanyarsa a dama. A ce da'awar ta ce a niƙa kwasfa, a jiƙa a ruwa mai zafi tsakanin digiri 60 da 80, a ƙara wani gishirin sinadari, a busar da feshi. Shi yana niƙawa, yana jiƙawa a wannan zafin, amma ba ya ƙara komai, kuma a faranti yake busarwa a rana. Gaɓa biyu babu, a zahirin lafazi bai shiga ba. Sai lauya ya duba ko abin da yake yi a madadinsu aiki ɗaya yake yi da sakamako ɗaya, don kotu na iya kallon wannan. A ƙasa a rubuta ranar da aka yi neman, da rumbunan, da cewa wata 18 na ƙarshe ba a ganinsu, da jerin WO masu ja da ranakun da za a sake dubawa, da cewa Najeriya sai an yi nata dabam.

Malam Lawali mai bincike:
Habu, in kana son gwada hannu, buɗe Espacenet ka nemi C14C 3/10 kaɗai, ka rubuta adadin. Ka ƙara sunayen itacen duka, ka rubuta. Ka cire Acacia arabica da babul, ka ga nawa suka ɓace. Sannan ka tace da OA. Ka turo lambobin huɗu nan zauren da ranar da ka yi, mu duba tare.

Habu ɗan koyo:
To Malam, in wuta ta dawo da daddare zan yi. CSV ɗin in turo shi yadda ya sauko, ko in fara wanke sunayen?

Injiniya Sanusi:
Turo shi ɗanye, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba. Wankin a kan kwafi na biyu ake yi.